Tsurar Ƙima da Hanyoyin Warware Daidaitonta a Jarrabawar Bai-Ɗaya

1. Gabatarwa

Daga cikin tambayoyin aljabara da a kan saka a manyan jarrabawowin shiga jami'a akwai wani iri wanda aikinsa bai wuce layi uku ko huɗu ba, amma ya kan ka da ɗalibai masu ƙoƙari ƙwarai. Shi ne daidaiton da a ke sa ɓoyayyar lamba tsakanin sanduna biyu a tsaye, kamar |x − 3| = 5. Wannan takarda za ta bayyana ma'anar sandunan nan, da hanyoyin warware irin wannan daidaito, da kuma wuraren da masu tsara jarrabawa su kan ɗana tarko. An yi ta musamman domin malaman kwalejojin horon malamai, da masu nazarin yadda za a koyar da lissafi cikin harshen Hausa.

Jarrabawar bai-ɗaya ita ce wadda a ke yi wa dubban ɗalibai bisa ƙa'ida guda da ma'auni guda, galibi da tambayoyin zaɓi, waɗanda ɗalibai ke kira canki-canka. Wannan irin daidaito ya kan fito a SAT, wadda hukumar College Board ta Amurka ta fara bayarwa a 1926, da kuma GMAT ta masu neman babban digiri a fannin kasuwanci. Tun daga 2024 da kwamfuta a ke yin SAT a ko'ina, sashen lissafinta kuwa tambaya 44 ce cikin minti 70, watau kimanin minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya. A GMAT tambaya 21 ce cikin minti 45, kuma ba a yarda da na'urar lissafi a wannan sashe ba. Ɗaliban Nijeriya da Nijar da Gana masu neman karatu a waje su kan zauna waɗannan jarrabawowi. Wanda ya fita da rabin amsa kuwa ba shi da rabin maki, domin tambayar zaɓi ko a ci ta ɗungum ko a faɗi ta ɗungum.

2. Kalmomin da aka yi aiki da su

A cikin wannan takarda an kira lambar da ta fi sifili "lambar dukiya", wadda ta gaza sifili kuma "lambar bashi". Wannan kamance tsoho ne. Masanin lissafin ƙasar Indiya, Brahmagupta, da shi ya shimfiɗa ƙa'idodin lambobin nan a shekarar 628. Kafin shi ma masu lissafin ƙasar Sin su kan ƙirga da tsinkaye masu launi biyu, ja ga abin samu, baƙi ga abin rashi. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, bai yi aiki da lambobin bashi ba, shi ya sa ya kasa daidaito kashi shida. A ƙasashen Turai ma an daɗe ana ƙyamarsu, har Cardano na Italiya a 1545 ya ɗauke su amsoshin ƙage. Baturen Ingila John Wallis ne a 1685 ya kwatanta su da tafiya baya a kan layi. Sandunan biyu kuwa Bajamushe Karl Weierstrass ne ya shigo da su a 1841. Wannan tarihi ya isa ya sa malami ya yi haƙuri da ɗalibinsa, gama abin da ya ɗauki masana ƙarnuka kafin su saba da shi ba zai zauna wa yaro cikin darasi ɗaya ba.

Abin da sandunan ke nufi Larabawa na kiransa alƙimatul muɗlaƙa, watau ƙimar da ba a ɗaure ta da wani sharaɗi ba. An zaɓi "tsurar ƙima" a nan, sabo da Bahaushe ya san tsura da ma'anar abin da ba shi da gauraye. Amsar da ta fito daga aiki amma daidaiton ya ƙi ta, an kira ta "amsar jabu".

3. Ma'anar tsurar ƙima

A ɗauka ga hanya miƙaƙƙiya ta tashi daga yamma ta nufi gabas, da rijiya a bakinta. A sa rijiyar nan ita ce sifili, takun da aka yi gabas lambobin dukiya, waɗanda aka yi yamma lambobin bashi. Mutumin da ke taku 7 gabas da wanda ke taku 7 yamma ba wuri ɗaya su ke ba, amma nisansu da rijiya ɗaya ne. Wannan nisa shi ne tsurar ƙima. Sabo da haka |7| = 7, kuma |−7| = 7, sa'an nan |0| = 0. Nisa ba ya zama bashi. Duk abin da zai biyo baya daga wannan magana ya fito.

A ƙa'idar aljabara a kan faɗe shi haka: idan a sifili ce ko ta fi sifili, |a| = a; idan kuwa ta gaza sifili, |a| = −a. Rabin nan na biyu ya kan rikita ɗalibai, don sun ga alamar ɗebewa a gaban amsa alhali an ce nisa ba ya zama bashi. Sai malami ya nuna musu cewa −a kishiyar a ce kawai. In a ta zama −7, kishiyarta 7 ce.

Akwai wata gajeriyar ƙa'ida da a kan ji a aji, wai tsurar ƙima ita ce "a cire alamar ɗebewa". Tana aiki muddin lambar a bayyane ta ke. Da zarar harafi ya shigo sai ta ɓad da mai binta, domin zai rubuta |x − 3| = x + 3, ko ya ce |−x| kullum x ce, duka biyun kuwa kuskure ne. Ya fi kyau a koyar da nisa tun farko.

Har wa yau |x − 3| shi ne nisan da ke tsakanin x da 3, kuma |x + 3| nisa ne tsakanin x da −3, tun da ya ke x + 3 daidai ya ke da x − (−3). Nisa daga wannan wuri zuwa wancan shi ne nisa daga wancan zuwa wannan, watau |a − b| = |b − a|.

4. Daidaito mai sauƙi da hanyoyinsa biyu

A koma ga |x − 3| = 5. Tambayar ita ce, wace lamba ce ke nisan taku 5 daga 3? Mai tafiya gabas ya sauka a 8, mai tafiya yamma ya sauka a −2. Ta hanyar aljabara kuma, abin da ke cikin sanduna ko dai 5 ne ko −5:

x − 3 = 5, watau x = 8
x − 3 = −5, watau x = −2

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsaya a hanya ta farko. Masu tsara jarrabawa sun san haka, shi ya sa su kan ce a kawo amsar da ta gaza sifili, ko ƙaramar amsa, ko jimlar amsoshin duka.

Kafin a raba hanya biyu, wajibi ne a ware sandunan su tsaya su kaɗai a gefe guda. Misali:

3|2x + 1| − 4 = 17

A ƙara 4 a kowane gefe, a sami 3|2x + 1| = 21. A raba da 3, a sami |2x + 1| = 7. Yanzu ne za a raba hanya: 2x + 1 = 7 ya ba da x = 3, 2x + 1 = −7 ya ba da x = −4. Ɗalibi mai gaggawa ya kan juya alamar 17 tun bai ware ba, ya rubuta 3(2x + 1) − 4 = −17, ya sami x = −8/3. In an mayar da wannan cikin daidaiton na asali sai gefen hagu ya ba da 9 maimakon 17. Irin wannan amsa a kan jera ta cikin zaɓi da gangan, domin wanda ya yi kuskuren ya gan ta ya natsu.

5. Yawan amsoshi

Bayan an ware sanduna, lambar da ta rage a ɗaya gefen ita ke faɗin yawan amsoshi. In ta fi sifili, amsa biyu. In sifili ce, amsa ɗaya tak, kamar |5x − 10| = 0, wanda ya ba da x = 2. In ta gaza sifili, babu amsa ko ɗaya. A dubi |x + 6| + 9 = 4. Da an ɗebe 9 sai a ga |x + 6| = −5, nisa kuwa ba ya zama −5, aiki ya ƙare ke nan. Wanda bai tsaya ya duba ba zai ci gaba ya fito da −11 da −1, duka biyun jabu.

Zane ya kan taimaka a nan. Zanen y = |x − 4| siffar harafin V gare shi, tsininsa na zaune a kan 4. Layi a kwance in ya bi ta saman tsinin ya yanke shi wuri biyu, in ya bi ta kan tsinin ya taɓa shi wuri ɗaya, in ya bi ta ƙasa ba su haɗu ba sam. Daga nan a ke gina tambayoyi irin wannan: a daidaiton 2|x − 4| + k = 10, wace ƙima ce ta k za ta sa a sami amsa ɗaya kaɗai? Sai 10 − k ya zama sifili, watau k = 10. In k ta gaza 10 amsa biyu ne, in ta wuce 10 babu amsa.

6. Ɓoyayyar lamba a gefe biyu

Nan ne amsar jabu ta fi ɓarna. Misali:

|x + 2| = 2x − 5

Hanya ta farko: x + 2 = 2x − 5, watau x = 7.
Hanya ta biyu: x + 2 = −(2x − 5), watau 3x = 3, x = 1.

A gwada 7: hagu 9, dama 9, ya yi daidai. A gwada 1: hagu 3, dama −3, bai yi ba. Amsa ɗaya ce kaɗai, 7.

Ya kamata malami ya bayyana dalilin fitowar 1, tun da ya ke ba a yi kuskuren lissafi ko ɗaya ba. Raba hanya biyu da aka yi yana warware tambayar da ta fi wadda aka yi faɗi, watau inda gefen biyu su ke da tsurar ƙima ɗaya, |x + 2| = |2x − 5|. A wannan daidaito kam 1 amsa ce ta gaskiya. Amma tambayar asali ta ƙara sharaɗi ba tare da ta faɗa ba: tun da hagu nisa ne, dole dama ma kada ta gaza sifili. Watau 2x − 5 ≥ 0, ko x ≥ 5/2. Wanda ya rubuta sharaɗin nan a gefe tun farko zai yar da 1 da kallo ɗaya. A kula kuma, a hanya ta biyu alamar ɗebewa ta hau kan gefen dama dukansa. Masu rubuta −2x − 5 maimakon −2x + 5 suna da yawa.

Yana yiwuwa amsoshin biyu duka su zama jabu. A |2x − 3| = x − 6 hanyoyin sun ba da −3 da 3, sharaɗi kuwa x ≥ 6 ne, sabo da haka babu amsa. Yana yiwuwa kuma amsoshi su zama ba iyaka. A |x − 4| = 4 − x hanya ta farko ta ba da x = 4, ta biyu ta ba da x − 4 = x − 4, wanda gaskiya ne ga kowace lamba. Sharaɗin 4 − x ≥ 0 shi ya rage, amsa ke nan ita ce kowace lamba daga 4 zuwa ƙasa.

7. Sanduna a wuri biyu

Idan kowane gefe na cikin sandunansa, kamar |2x − 1| = |x + 4|, a kan zaci hanya huɗu za a bi. Biyu sun isa, domin abubuwan biyu ko dai daidai su ke, ko kishiyoyin juna ne. 2x − 1 = x + 4 ya ba da 5, 2x − 1 = −x − 4 ya ba da −1. A nan jabu ba ta fitowa, tun da kowane gefe nisa ne. Ana iya kuma ninka kowane gefe da kansa, a sami x² − 4x − 5 = 0, wanda ya rabu zuwa (x − 5)(x + 1) = 0. Amsa ɗaya ce, sai dai hanyar ta fi tsawo.

Wani lokaci tunanin nisa ya kan ba da amsa ba a taɓa alƙalami ba. Daidaiton |x − 1| = |x − 9| yana neman wurin da nisansa da 1 da nisansa da 9 su ke ɗaya, watau tsakiyarsu, 5.

Wanda ya fi waɗannan wuya shi ne inda aka tara nisa biyu:

|x − 2| + |x − 8| = 10

A nemi wuraren da abin cikin kowace sanda ya zama sifili, su ne 2 da 8. Sun yanka layin lambobi kashi uku, sai a bi kowane kashi dabam. Ƙasa da 2 abubuwan biyu duk bashi ne, sai a ɗauki kishiyoyinsu: (2 − x) + (8 − x) = 10, watau x = 0, kuma 0 na cikin kashin, an karɓe ta. Tsakanin 2 da 8: (x − 2) + (8 − x) = 10, watau 6 = 10, wanda ba zai yiwu ba. Sama da 8: (x − 2) + (x − 8) = 10, watau x = 10, an karɓe ta. Duk amsar da ta faɗo wajen kashin da ta fito daga ciki, a yar da ita.

Da misalin hanya abin ya fi fitowa fili. A ce rijiya ɗaya na kan 2, ɗaya na kan 8. Duk wanda ke tsaye tsakaninsu, jimlar nisansa da su 6 ce. In ya fita waje, kowane taku ɗaya na ƙara 2 a jimlar, don yana nisantar rijiyoyin biyu gaba ɗaya. Daga 6 zuwa 10 ƙarin 4 ne, watau taku 2 bayan kowace rijiya: 0 da 10. Da an ce jimlar 6 ce, da kowace lamba daga 2 zuwa 8 amsa ce. Da an ce 4 ce, da babu amsa.

8. Wasu sigogi da a kan sake wa tambaya

Na ɗaya, jimlar amsoshi. Amsoshin |x − a| = b, in b ta fi sifili, suna zaune ɗaya gabas ɗaya yamma da a, nisa daidai. Sabo da haka jimlarsu 2a ce, tazararsu kuwa 2b. In aka ce |x − 17| = 239, a kawo jimlar amsoshi, 34 ce, ba sai an nemo su ba. In x na da mai ninka ta, a fara rabawa: |3x − 12| = 21 ya zama |x − 4| = 7, jimla 8, amsoshin su ne 11 da −3. Wannan gajeriyar hanya ba ta aiki inda ɓoyayyar lamba ta ke a ɗaya gefen ma.

Na biyu, tambaya cikin zance. A ce wani kamfani na karɓar buhu in nauyinsa bai gaza kilo 49 ba, bai kuma wuce kilo 51 ba, a nemi daidaiton da ke ba da iyakokin nan biyu. A nemi tsakiya, 50, a nemi rabin tazara, 1, sai a rubuta |n − 50| = 1. Nauyin da a ke karɓa duka kuwa shi ne |n − 50| ≤ 1.

Na uku, haɗuwa da murabba'i. Tun da x² daidai ya ke da |x|², a daidaiton x² − |x| − 6 = 0 sai a sa y a madadin |x|, a sami y² − y − 6 = 0, watau y = 3 ko y = −2. Ta biyun ba ta yiwuwa ga nisa, amsa ke nan 3 da −3. Daidaiton x² − 5|x| + 6 = 0 kuwa amsa huɗu gare shi: 2, −2, 3, −3. Ya kamata a tuna kuma tushen murabba'in x² shi ne |x|, domin in x ta zama −6, murabba'inta 36 ne, tushensa kuwa 6.

Na huɗu, ƙididdiga. Matsakaicin kaucewa na cikin manhajar lissafi ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da ta JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma da tsurar ƙima a ke fitar da shi. Lambobin 2, 4, 6, 12 matsakaicinsu 6 ne, kaucewarsu daga gare shi −4, −2, 0, 6. In aka tara su haka nan sifili za a samu, kuma haka abin zai kasance ga kowane jerin lambobi. In aka ɗauki nisa, 4 + 2 + 0 + 6 = 12, a raba da 4, a sami 3. Ɗalibin da ya san nisa ba ya bukatar haddace dalilin sandunan da ke cikin wannan ƙa'ida.

9. Abin da ya kamata malami ya kula da shi

Tsarin aiki ga ɗalibi mataki biyar ne: ya ware sanduna, ya dubi ɗaya gefen, in harafi na ciki ya rubuta sharaɗinsa, ya raba hanya biyu, ya mayar da kowace amsa cikin daidaiton asali, sa'an nan ya sake karanta tambaya ya ga ainihin abin da aka nema. Mataki na huɗu shi ɗalibai su kan bari in lokaci ya ƙure, alhali bai fi daƙiƙa kaɗan ba.

A tambayar zaɓi ana iya gwada amsoshin da aka jera ɗaya bayan ɗaya, kuma SAT ta kwamfuta na ɗauke da na'urar zane ta Desmos wadda ke nuna inda layuka biyu su ka haɗu. Dabarun nan halal ne, amma suna da iyaka. Gwaji ba ya amsa tambayar da ke neman yawan amsoshi ko jimlarsu, wani kashi na tambayoyin SAT ba shi da zaɓi sam, sai ɗalibi ya rubuta amsa da kansa, sashen lissafi na GMAT kuwa ba shi da na'ura.

Ga malamin da zai koyar da Hausa, ya fi dacewa ya fara da layi a ƙasa, da yara biyu masu tafiya gabas da yamma, kafin ya rubuta sanda ko ɗaya a allo. Ya sa ɗalibai su riƙa karanta |x − 3| = 5 da baki cewa "nisan x daga uku taku biyar ne", har bakinsu ya saba. In zai ba da aikin gida, ya cuɗa daidaito mai amsa biyu da mai amsa ɗaya da marar amsa a takarda guda, kada su ɗauka kullum biyu ne. Ya kuma riƙa sa su ƙirƙiro zaɓin ƙarya da kansu, kowane ɗaya daga wani sanannen kuskure, domin wanda ya taɓa ɗana tarko da hannunsa ya fi saurin gane shi a ɗakin jarrabawa. Kalmomin da aka kawo a sashe na biyu shawara ce ga masu aikin daidaita kalmomin lissafi, kuma aji ne zai nuna waɗanda za su zauna a bakin ɗalibai.